Kwasa-kwasan intanet na kyauta: wa yake gamawa, wa yake amfana?

Ummu Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa abin da hannunsa shi ya yi magana. Ƙanwata ta gama sakandare, makin da ta samu bai kai ta ga fannin da take so ba, dole ta zauna shekara guda a gida kafin ta sake zama jarrabawa. Wani yaron makwabtanmu ya gaya mata wai akwai kwasa-kwasan da manyan jami'o'in duniya suke bayarwa a intanet kyauta, har da Harvard. Tun ranar ta matsa min in riƙa saya mata data duk wata. Gaskiya ne kyauta ne? Kuma wanda ya yi yana amfana, ko dai wata hanyar ƙona data ce kawai?

Mai Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Yaya. Gaskiya ne, ni shaida ne. Sana'ar da nake ci da ita yau, ta rubuta manhaja, a nan na faro ta lokacin yajin aikin ASUU na 2020 da muka share wata tara a gida. Kwas ɗin Harvard da ake kira CS50 na yi, wanda David Malan yake koyarwa. Darasin da ɗaliban can suke zama a kansa shi ne dai ake ɗora mana, aikin gida ma iri ɗaya. Ban biya ko sisi ba sai data. Ki saya mata, zaman banza ya fi ƙona data illa.

Abu Fatima:
Mai Kwamfuta, ina taya ka murna, amma kada labarinka ya zama ma'auni. Malami nake a kwalejin horar da malamai, kuma na daɗe ina bibiyar wannan harka. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig na jami'ar Stanford suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira ga duk mai so. Mutum 160,000 suka yi rajista, duniya ta ɗauka, a 2012 aka buɗe dandalin kwasa-kwasan intanet na Coursera da Udacity da edX, aka riƙa cewa jami'a ta zo ƙofar talaka. To amma a wancan darasin ma kusan 23,000 ne suka kai ƙarshe, kuma wannan adadin shi ne mai kyau. Daga baya masu bincike suka zauna da alƙaluman kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard na Amurka na shekara shida, suka fitar da sakamakon a 2019. Fiye da rabin waɗanda suke rajista ko darasin farko ba sa buɗewa. Waɗanda suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari. Hajiya, ƙanwarki tana cikin ukun nan ko cikin casa'in da bakwai? Abin da ya kamata ki tambayi kanki ke nan kafin ki fitar da kuɗi.

Mai Kwamfuta:
Malam, da girmanka, wannan lissafin bai yi wa abin adalci ba. Rajista fa danna maɓalli ɗaya ne, ba kuɗi, ba fom, ba layi. Mutum zai shiga don ya leƙa ya fita. Wani babi ɗaya yake nema, ya samu ya tafi. Za ka ce ya faɗi? Kuma kashi 3 na miliyoyi ba ƙaramin taro ba ne.

Abu Fatima:
Na yarda da wannan, ƙanena. To su waye ukun? Nan gizo ke saƙar. Jami'ar Pennsylvania ta tambayi ɗalibanta na Coursera a 2013, ta samu fiye da kashi 80 cikin ɗari sun riga sun yi karatun gaba da sakandare. Binciken 2019 ɗin da na ambata shi ma ya nuna mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. Kai kanka kana aji nawa a jami'a lokacin da ka yi naka? Kana da Turanci, kana da lissafi, ka san yadda ake zama a yi karatu ba mai tsaya maka a ka. Abin da aka ce an yi don wanda bai samu shiga ba, wanda ya riga ya shiga ne ya fi morarsa. An ma gwada shi kai tsaye a kan masu rauni: a 2013 jami'ar San Jose da ke Kalifoniya ta haɗa kai da Udacity don koyar da lissafin share fage ta intanet, sakamakon ya zo ƙasa da na 'yan aji, aka dakatar da shirin a shekarar.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Daga Zinder nake bin ku. Ku kuna maganar wa ya gama, mu nan maganar wa ya iya buɗe bidiyon muke. Bayan juyin mulkin 2023 da aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya, wata da watanni cajin waya ma sai an yi dabara. Bidiyon awa guda kuma ya cinye kuɗin da mutum zai ci abinci da shi. Sannan mu da Faransanci muka yi karatu, galibin manyan kwasa-kwasan nan da Turancin Ingilishi suke. Akwai dandalin FUN da gwamnatin Faransa ta buɗe a 2013, shi muke bi, kuma yana da abubuwa masu kyau, amma bai kai yawan waɗancan ba.

Bint Gadarif:
Mu ma a Sudan da Larabci muka yi karatu. Wanda muka sani shi ne Edraak, na gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan, tun 2014. Yanzu da yaƙi ya rufe jami'o'i ya tarwatsa ɗalibai, wasu da shi suke riƙe da karatunsu a inda suka samu mafaka. Ina ganin Malam ya faɗi gaskiya, amma ga wanda ba shi da aji gaba ɗaya, wannan ɗin ma rahama ce.

Mai Kwamfuta:
Allah ya kawo muku sauƙi, 'yar uwa. Malam, bari in ba ka misalin wanda ba ɗan jami'a ba. A 2012 MIT ta buɗe kwas ɗinta na farko, na da'irar lantarki, mutum kusan 155,000 suka shiga. Cikin 'yan tsirarun da suka ci maki duka akwai yaro ɗan shekara 15 daga Mongoliya, Battushig Myanganbayar. MIT ta ɗauke shi karatu daga baya. Ɗan sakandare ne, daga ƙasar da da yawanmu ba za su iya nuna ta a taswira ba.

Abu Fatima:
Madalla da ka kawo wannan, domin hujjata ce ka ɗauko. Ka karanta labarin har ƙarshe. Shugaban makarantar yaron nan shi kansa a MIT ya yi karatu. Shi ya tara ɗalibansa ya sa su a kwas ɗin, ya gayyato wani abokinsa daga Amurka ya zo da kayan aiki, suna haɗa wayoyi da hannunsu a aji bayan sun kalli darasin. Yaron haziƙi ne, ba musu, amma akwai babba a bayansa.

Dattijon Gida:
Ku bar tsoho ya sa baki. Na yi shekaru ina shugabantar firamare kafin in ajiye aiki, kuma takardar NCE ɗina ta hanyar karatu daga nesa na same ta, a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Ba intanet a lokacin. Littattafai ake ba mu, mu karanta a gida bayan mun tashi daga aji, ƙarshen mako da lokacin hutu mu hallara a cibiyar karatu mu zauna da malami. Wallahi da littafin kaɗai aka ba ni da ban gama ba. Abin da ya riƙe ni shi ne ranar Asabar akwai wanda zai tambaye ni ina aikina, kuma akwai abokan karatu da zan ji kunyar su wuce ni.

Mu da muka tashi a karatun zaure mun san wannan. Littattafan fiƙihu da nahawu suna nan a kasuwa tun kaka da kakanni, kowa zai iya saya. Amma ba wanda ake kira malami don ya saya ya ajiye. Sai ya durƙusa gaban wani ya biya, an gyara masa, gobe ya dawo. 'Yata Ummu Hanif, kafin ki sayi data ki nemo wanda yarinyar nan za ta riƙa biya wa karatunta.

Ummu Hanif:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ta shige ni. To amma takardar shaidar fa? Yaron nan ya ce mata za a ba ta satifiket na Harvard.

Mai Kwamfuta:
Nan sai a yi hattara, Yaya. Kallon darasi daban, takarda daban. A yawancin dandalin nan takardar da aka tantance kuɗi ake biya, da dala. Wasu suna da fom na neman tallafi, ka rubuta halin da kake ciki ka jira amsa. Akwai lokacin da katin bankina na naira ya daina biyan komai a waje, ko ina da kuɗin ba hanyar turawa. Sannan takardar ba digiri ba ce, ba za ta maye gurbin shiga jami'a ba. A aikinmu na kwamfuta ba a cika tambayarta ba, abin da ka gina ake cewa ka nuna. A aikin gwamnati kuwa kwalin da hukuma ta sani shi ake nema.

Abu Fatima:
Kuma kyautar ma raguwa take. MIT da Harvard sun zuba dala miliyan 60 suka kafa edX a matsayin abin da ba na neman riba ba. A 2021 suka sayar da shi ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, shi kuma 2U ya shigar da takardar karyewar arziki a 2024. Coursera ta shiga kasuwar hannun jari a 2021. Wanda yake da masu hannun jari dole ya nemi mai biya, mai biya kuma shi ne ma'aikacin da yake son ƙarin girma a ofis, ba yarinyar da ta gama sakandare a Gusau ba. Ba zaginsu nake ba, kasuwanci ne. Abin da nake so mu gane shi ne ƙofar da wani ya buɗe maka yana iya turo ta ranar da ya ga dama.

Malama Mai Alli:
Tun ɗazu nake karantawa, kuma ina ganin an haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai kwas da kake shiga a dandalin wani, ka kalla, ba ka da ikon taɓa komai. Akwai kuma kayan karatu masu buɗaɗɗen lasisi, waɗanda mai su ya rubuta ƙarara cewa kowa ya sauke, ya buga, ya gyara, ya fassara, ya raba. Na biyun nan ya ma girmi na farkon. MIT ta sanar a 2001 cewa za ta zuba kayan darussanta a fili, UNESCO ta yi taro a kai a Faris a 2002, a 2019 kuma ƙasashen da ke cikinta suka amince da shawarar a tallafa wa irin waɗannan kaya. Wannan ba mai rufe maka shi, in ka sauke ya zama a hannunka.

'Yan aji biyu nake koyarwa a firamare. Yarana saba'in da wani abu, littafin karatun Hausa da muke da shi bai kai goma ba, duk sun yage. A shafin African Storybook, wanda wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa, na samu gajerun labarai da hotuna, wasu an riga an mayar da su Hausa, har an bambanta ta Najeriya da ta Nijar. Na sauke a waya, na kai shagon hoton takarda, aka buga min baƙi da fari, na ɗinke da zare da allura. Wani labarin Hausarsa ba ta yi min ba, na gyara kalmomin zuwa yadda yarana suke magana, kuma lasisin ya ba ni wannan damar. Ranar da na raba, wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta riƙe nata da hannu biyu tana bin layi da yatsa, tana haɗa baƙi da wasali a hankali har ta fitar da kalmar "akuya" da kanta. Ta ɗago ta dube ni don ta tabbatar daidai ne. Data ɗin da na kashe a wannan aikin bai kai na bidiyo ɗaya ba.

Dattijon Gida:
Allah ya yi miki albarka, Malama. Kin tuna min da TESSA, shirin da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta faro a 2005 don malaman Afirka. Cibiyarmu ta Kaduna tana cikin waɗanda aka yi aikin da su. Darussa ne na yadda za ka koyar da aji mai cunkoso da abin da ke hannunka, kwalba, tsakuwa, murfin lemo. Kyauta suke, amma malamai nawa ne a ƙauye suka san da su?

Ɗan Damagaram:
Wannan shi ya fi dacewa da mu. Akwai manhajar Kiwix da take sauke Wikipedia gaba ɗaya a karanta ba intanet, akwai Kolibri da ake zuba darussa a kwamfuta ɗaya wayoyin da ke kusa su ja daga gare ta. Mutum ɗaya ya je inda sabis yake da ƙarfi ya sauke, unguwa duka ta amfana. Kuma ku dubi Senegal. Da suka kafa jami'arsu ta intanet a 2013 ba su ce kowa ya zauna a ɗakinsa ba, gine-gine suka yi a garuruwa, da wuta da intanet, ɗalibai suna zuwa suna haɗuwa. Sun gane matsalar tun farko.

Abu Fatima:
Indiya ma haka. Shirin NPTEL da manyan cibiyoyin fasaharsu suka faro a 2003, darasin kyauta ne, amma jarrabawar a zaune ake yin ta a cibiya, da mai sa ido, a kan kuɗi kaɗan. Kwalejoji suna naɗa malami guda da zai riƙa bin ɗaliban da suka shiga. Sannan hukumar jami'o'insu ta yarda a lissafa wa ɗalibi makin da ya samu a dandalin SWAYAM cikin digirinsa, har zuwa kashi 40 cikin ɗari na darussan zango. Da wannan yaro ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Irin wannan nake so in ga hukumominmu sun zauna a kai.

Ɗalibi Mai Tambaya:
Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kuna ta kiran hukuma, amma wani ɓangaren laifin a ofisoshinku yake. A makarantarmu akwai malaman da sai ka sayi handawut ɗinsu, har sunanka ake rubutawa in ka saya. Na buɗe wani, rabinsa daga intanet aka kwaso, ba a ko ambaci mai shi ba. Alhali ga littattafan OpenStax na jami'ar Rice, na kimiyyar halittu da lissafi da tattalin arziki, cikakku, masana sun duba su, kyauta. Ga NOUN, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kowa ya sauke. Me ya hana malami ya ce mana ga littafi, ku karanta babi kaza?

Abu Fatima:
Ba abin haƙuri a nan, ɗana, gaskiya ka faɗa, kuma ba na kare wannan ɗabi'ar. Tilasta wa ɗalibi sayen takarda zalunci ne, ko albashi ya yi kaɗan. Amma in ƙara maka wani abu. Littafin OpenStax don ɗalibin Amurka aka rubuta shi, misalansa na can ne, kuɗinsa dala, cututtukansa da amfanin gonarsa na can. Aikin da ya kamata mu malamai mu yi shi ne mu ɗauko shi mu sa gero da dawa da zazzaɓin cizon sauro a ciki, mu mayar da shi fili kyauta kamar yadda muka same shi. Afirka ta Kudu ta yi haka da littattafan lissafi da kimiyya na Siyavula, an rubuta su a kan manhajar karatun ƙasar, gwamnati ta buga ta raba wa makarantu. Abin da yake hana mu shi ne wannan aikin ba ya cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Malami zai kwana wata shida yana gyara littafi, a ce masa ba a ƙirga shi.

Mai Kwamfuta:
Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa yarinyar ta shiga. Amma na karɓi gyaran Baba. Ta ɗauki kwas ɗaya tak, ba biyar ba. Ta samu ƙawa ko biyu su yi tare. Kuma tunda jarrabawa za ta sake, ta fara da Khan Academy ta gyara lissafinta da kimiyyarta, shi ma kyauta ne, kuma daga tushe yake farawa. Harvard ba za ta gudu ba.

Ummu Hanif:
Na gode ƙwarai. Akwai wata malamar kimiyya a layinmu, zan je in roƙe ta ta riƙa duba ta ko da sau ɗaya a mako. Malama Mai Alli, ni ma ina da ajin yamma na matan aure a gidana. Ta yaya zan gane littafin da aka yarda in fassara da wanda ba a yarda ba? Kuma in na karɓi kuɗin bugawa a hannunsu, ban saɓa ba?

Malama Mai Alli:
Ki duba shafin farko ko na ƙarshe, Hajiya, za ki ga alamar Creative Commons, haruffa CC a cikin da'ira, da wasu haruffa a gefe. In kin ga BY kaɗai, ki fassara, ki gyara, ki buga, sharaɗin kawai ki rubuta sunan mai asalin aikin ki kuma nuna cewa kin canza wani abu. In akwai SA, abin da kika fitar dole ki sake shi da irin lasisin da kika same shi. In akwai NC, ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, kuma kayan MIT a wannan rukunin suke. Wanda za ki kiyaye shi ne ND, domin shi bai yarda a raba abin da aka sauya ba, fassara kuma sauyi ce. In ba ki ga alama ko ɗaya ba, ki ɗauka mai shi bai ba da izini ba, ko da kyauta kika sauke.

Maganar kuɗin bugawa kuma, an taɓa yin shari'a a kanta a Amurka. Wata ƙungiya mai littattafan lissafi masu alamar NC ta kai kamfanin FedEx ƙara saboda yana buga wa makarantu littattafan yana karɓar kuɗin aikinsa, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin bai yi laifi ba, tunda makarantun ne suka sa shi kuma su ba riba suke nema ba. Hukuncin can ne, ba namu ba, amma ni abin da nake yi shi ne in tambayi mai shago kuɗin shafi, in gaya wa iyaye adadin daidai, ba na ɗora ko naira ɗaya a kai. In kina so ki turo min sunayen darussan da kike koya musu, in duba miki waɗanda aka riga aka fassara kafin ki fara wahalar fassara da kanki.